Takardar da Ta Hana Garinmu Tashi

Shekara huɗu na yi ina ba gwamnati shawara kan tattalin arziki, kuma in za a tara takardun da suka bi ta hannuna a wannan lokaci, jaki biyu ba za su ɗauka ba. Yawancinsu na manta da su tun kafin tawadar sa hannuna ta bushe. Waɗanda ban manta ba su ne waɗanda ba su taɓa shiga fayil ba, wato wasiƙun gida, da nake cusawa a aljihun tebur na ƙasa, wanda ba ya rufuwa sai an taimaka masa da ƙafa.

Tun ranar da aka faɗi sunana a rediyo suka fara zuwa. Mutanenmu sun ɗauka wanda aka ce shi ke kula da arzikin ƙasa, to makullin rumbun gwamnati a wuyansa yake rataye. Gwaggona da ke aure a Faskari ta sa aka rubuto mini in dubi Allah in rage kuɗin taki, tun da an ce ni ke sa wa kaya farashi, kuma in na rage kada in ce ita ta sa ni. Wani da muka yi firamare tare, wanda ya koma garin Sabuwa yana ɗinki, ya cika shafi huɗu yana koya mini yadda ake gyara ƙasa, ya rufe da cewa in akwai inda ban gane ba in same shi a shago. Ina karantawa ina tsaki, can kuma in fashe da dariya, don ni mutum ne mai saurin hawa da saurin sauka. Abin da ba su sani ba shi ne aikina bai wuce in rubuta shawara in miƙa ba. Sana'ar kuma ta koya mini wata dabara da nake taƙama da ita a lokacin: kada ka taɓa gina shawara mai ƙofa ɗaya. Ka ce a yi, amma a lura da kaza. Ka ce a dakata, amma kada a yi sake. Duk yadda abu ya juya, kana da inda za ka fice.

Wasiƙun Yaya daban suke da sauran. Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gandu a ƙauyenmu, can bayan Pauwa a ƙasar Ƙanƙara. Shi ya dubi yadda nake riƙe fartanya ya ce wannan in aka bar shi a gona yunwa za ta kashe mu, a kai shi boko. Shi kansa karatun yaƙi da jahilci ya yi, baƙaƙensa manya ne, kowanne tsaye shi kaɗai. Sai ya ciro falle daga littafin makarantar 'ya'yansa, ya rubuta, ya ninke huɗu, ya sa cikin leda tare da ƙullin daddawa, ya ba wani direba da ke ɗauko mutane daga wajenmu ranar kasuwar Ƙanƙara, washegari ya wuce birni. Har yau in na buɗe inda na ajiye su, warin daddawar ke fara tarbata. Yana da waya, amma a garinmu sai an hau dutsen da ke yamma da gari ake samun sabis, ka tsaya a kai kana ihu kowa na jin sirrinka. Daga baya ma dutsen ya gagari hawa, don 'yan bindiga, waɗanda mutanenmu ke kira mutanen daji saboda tsoron ambaton sunansu, sun mai da shi wurin leƙen gari.

Bai taɓa roƙona komai ba, kuma wannan ya kan ba ni haushi. Labari kawai yake ba ni: wance ta haihu, wane ya rasu, san huɗa ɗaya ya yi ɗingishi amma ya warke, rijiyar masallaci ta janye. A ƙarshe sai ya ƙara cewa matarsa na gaishe da Gwamna. Haka take tsokanata tun da na samu muƙamin, da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta.

Wata bazara, ana sharar gona, ruwan farko bai sauka ba, wasiƙa ta zo babu daddawa. Ga abin da ya rubuta bayan gaisuwa:

"Ƙanena, yau tambaya gare ni. Garuruwa biyu da ke arewa da mu sun watse, wasu sun tahi Ƙanƙara, wasu Funtuwa. An kora shanun mutane har bakin rafinmu. Gidaje da dama nan sun ɗaure kaya amma ba su tahi ba, gidanmu suke kallo. Sun ce in da abin ya kai a tashi, da kai ka aiko mota ta kwashe mu tuni. Kai ke shiga ɗakin da ake magana. Ka faɗa mani, in yi shuka bana, ko in ɗauki iyali in tashi? Abin da ka ce shi zan yi."

Ni kuwa ban sani ba. Wannan ita ce gaskiyar, kuma gara in faɗe ta tun yanzu. Ɗakin da nake shiga na maganar haraji ne da taki da kasafi. Abin da na sani game da daji bai fi abin da mai shayin ƙofar ofishinmu ke ji a rediyo ba. Amma ta yaya mutumin da ake biya don ya sani zai rubuta wa wansa manomi cewa bai sani ba? Akwai kuma wani abu da ya fi wannan muni, wanda na daɗe ban yarda na faɗa wa kaina ba. Na hango yadda za a ɗauki labarin: mai ba gwamnati shawara ya kwashe danginsa daga ƙauye, ashe su ma sun san babu tsaro. Na ji tsoron wannan magana fiye da yadda na ji wa Yaya tsoron daji.

Kwana shida wasiƙar na aljihuna. Matata ta gan ta lokacin da za ta ba da kaya wanki, ta karanta, ta ce, "Ka tura mota mana. In damina ta yi lafiya sai su koma, me aka rasa?" Na hau ta da faɗa, na ce ita ta san abin da ake nufi da manomi ya rasa damina guda, da rumbu biyar da shanu da baki goma sha takwas? Na ce maganar ƙasa ba a tsakar gida ake yanke ta ba. Ta ninke takardar ta ajiye mini. Duk abin da na faɗa mata gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba.

A rana ta bakwai direban ya zo ofis da hantsi, ya ce Yaya ya hana shi komawa ba amsa, ga shi fasinja na jiransa a tasha. Ni kuma ana jirana a wani zama. Na kira sakatarena, wani dattijo mai tsantseni da ya shekara talatin yana buga takardun manya, na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Ina tsaye, ina gyara hula, na zuba masa shawara irin wadda na ƙware a kai. Na ce a dakata da maganar tashi tukuna, ana nan ana ɗaukar mataki, ana sa ran samun sauƙi nan gaba kaɗan, amma a sa ido, kada a yi sake. Dattijon ya yi aikinsa yadda ya saba. Ya buga ta a kan takardar ofis mai tambarin gwamnati a sama, ya ɗauko hatimi ya danna a ƙasa, don a wurinsa babu takardar da ke fita daga ɗakin nan tsirara, ya sa ta cikin ambulan wanda shi ma da tambari a goshinsa. Ba laifinsa ba ne. Na ga tambarin, na ga hatimin, na sa hannu. Har wani daɗi na ji a raina, na ce bari Yaya ya ga inda wanda bai iya riƙe fartanya ba ya kai.

Mako guda bayan nan amsa ta zo, da daddawarta. Yaya ya yi godiya, sannan ya ba ni labarin yadda aka karɓi takardar, dalla-dalla, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce direba bai sa ta a aljihu ba, a gaban mota ya ɗora ta kowa na gani, kafin ta iso hannunsa labari ya riga ta shiga gari cewa takardar gwamnati ta zo. Ya ce bayan la'asar mai gari ya aiko a kawo ta ƙofar masallaci, aka karanta sau biyu, liman ya ɗaga ta sama yana duba hatimin, tsofaffi suna miƙa hannu suna shafa tambarin. Ya ce duk waɗanda suka ɗaure kaya sun kwance, har wani da ya riga ya kai iyalinsa Ƙanƙara ya je ya dawo da su. Ya rufe da cewa, "Yanzu gari duk ya zauna bisa maganarka. In akwai ƙari, direba na nan kowace kasuwa."

Na karanta ta har ƙarshe. Na gane abin da ya faru sarai, ba zan fake da rashin fahimta ba. Ni na gina magana mai ƙofa biyu, su kuwa ƙofa ɗaya suka gani, don a garinmu takarda mai hatimi ba shawara ba ce, umarni ce, kuma wanda ya ba da umarnin a zauna shi ya ɗauki nauyin masu zama. Na san abin da ya kamata in yi. Falle ɗaya ya isa, da biro, da hannuna: wannan ba maganar gwamnati ba ce, tawa ce, kuma ban san komai ba, kowa ya yi ta kansa. Na ma ɗauko takardar na rubuta sallama. Sai na tuna za a karanta ita ma a ƙofar masallaci, sau biyu, gaban mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando. Na ce bari in ga mako mai zuwa.

Allah kuma ya kawo damina mai kyau, wadda ta ƙara ruɗa ni. Wasiƙu biyu suka biyo baya. A ta farko an gama shuka, tsiro ya fito ba gurbi, ana noman firi. A ta biyu masara ta kai ƙugu, gero ya rufe ƙasa, ya tura ƙananan yara Faskari wurin Gwaggo su kwana biyu. Kowacce da jimlar nan a ƙarshe, cewa direba na nan in akwai ƙari. Na ɗauke ta kamar yadda ake ɗaukar "sai an jima". Na ce a raina ai ga shi nan, da na firgita su da sun yi asarar damina a banza. Har na fara ganin kaina mai hangen nesa.

Ranar da direban ya dawo ba leda a hannunsa, ina cikin gyara wani rahoto ne. Bai zauna ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar wanda ya zo gaban alƙali, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri." Jiya da hantsi ne, in ji shi, mutane na gona ana maimai, wato noma na biyu, sai mutanen daji suka fito kan babura ta wajen rafi. Yaya yana cikin gonar gandu da shanun huɗa. Mutum bakwai aka rasa a garin, har da shi, aka tafi da wasu, aka kora dabbobi. An yi jana'iza kafin azahar, cikin sauri, sannan duk wanda ke da ƙafa ya kama hanyar Ƙanƙara da abin da kai zai iya ɗauka. Na tambaye shi ko Yaya ya yi magana kafin ya cika. Ya ce shi dai bai ji ba.

Ban ga kabarinsa ba, har yau ban gani ba. Iyakata Ƙanƙara, gidan wani ɗan'uwan mahaifinmu inda aka zauna karɓar gaisuwa. Zauren ya cika da mutanen garinmu, wasu da rigar da suka fita gona da ita. Na shiga ina jiran a zage ni, wallahi da an zage ni da na ji sauƙi. Sai aka tashi aka ba ni tabarma mafi kyau. Mutumin nan da ya je ya dawo da iyalinsa saboda takardata, wanda ɗansa na fari na cikin bakwai ɗin, shi ya matso ya kama hannuna yana ba ni haƙuri. Mai gari ya ce, "Gwamnati ta yi niyya, Alhaji, mun ga takarda. Allah ne bai nufa ba."

A nan abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Baba, ba takardar gwamnati ba ce. Ni na rubuta, daga kaina. Babu wanda ya ce mini ku zauna."

Liman ya dube ni kamar bai ji da kyau ba, ya ce, "Amma da hatimi hwa."

Na ce, "Hatimin ofishina ne. Ko takardar neman tsintsiya da shi take fita."

Wani tsoho ya jawo carbinsa. Mutumin da ya rasa ɗansa ya saki hannuna a hankali, ba da fushi ba, ya mai da nasa kan gwiwarsa. Can mai gari ya ce a yi fatiha, aka shafa. Na zauna a kan tabarmar nan har la'asar, mutane na shigowa suna yi mini gaisuwa, ina amsawa.

Bayan la'asar aka ce in shiga ciki in yi wa matar Yaya gaisuwa. Ta shiga takaba, tana wani ɗan ɗaki da aka ba ta, labule a sake. Na tsuguna daga waje na yi sallama, ta amsa da muryar da ta dushe. Muka yi gaisuwar da ake yi. Na fara shirya yadda zan faɗa mata abin da na faɗa a zaure, sai ta riga ni.

Ta ce, "An gaya mani abin da ka ce waje. Ba sai ka maimaita ba. Shi ya sani."

Na ce, "Wa ya sani?"

Ta ce, "Yayanka. Ranar da aka karanta takardar ya shigo gida ya zauna bai ci tuwo ba. Ya ce mani, yaron nan bai san komi ba. Ya ce ni na raine shi, in ya san abu kai tsaye yake faɗi har da tsiwa, in bai sani ba ne yake zagaye-zagaye."

Na ce, "To me ya hana ku tashi?"

Ta ce, "Haka na ce mashi. Na ce to mu ɗaure kaya. Ya ce takarda ta riga ta shiga kunnen gari. In ya ce ƙarya ce, ya tozarta ka gaban mai gari da liman, ba ka ƙara shiga garin da hula. In ya sulale shi kaɗai ya bar mutane bisa maganar ƙanenshi, ya ci amana. Ya ce bari in rubuta mashi yadda aka yi, yana da hankali, zai gane, zai aiko da wata. In ta zo daga hannunshi sai a karanta, gari ya tashi gaba ɗaya, ba wanda ya ji kunya." Ta ja numfashi. "Yaran da ya tura Faskari, ka ɗauka ziyara ce? Duk ranar kasuwa sai ya baro gona da wuri, ya wanke ƙafa, ya tahi bakin hanya ya jira direba. In ya dawo ba na tambaya, fuskarshi nake kallo. Kasuwa tara ya yi yana zuwa."

Kasuwa tara, mako tara ke nan, kuma babu ranar da ta fito a cikinsu da ban zauna gaban tebur cike da farar takarda ba. Na yi kuka a ƙofar ɗakin nan kamar yaro, ta bar ni na yi, ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma cancanci ta ba ni ba.

Da na lafa sai ta ce, "Yanzu ga ɗiyanshi, kai ne ubansu. Amfani na can gona ya kusa nuna, wasu na cewa za su lallaɓa su koma in kaka ta yi. Manyan yaran na son su bi su. Mu bar su su koma, ko mu haƙura da gonar?"

Bakina ya buɗe da kansa, na ji irin maganar nan na tasowa, a ɗan dakata a ga yadda hali zai yi. Na haɗiye ta. Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Daga bayan labulen ta ce, "To, ai da haka ka rubuto."